Malamin Datti Masinja

Duk wanda ya yi aiki a ma'aikatarmu a shekarun da gwamnati ta kwashe kayanta daga Legas ta dawo Abuja ya san Datti masinja. Dogo ne siriri, mai ɗan gemu kamar an ɗiga masa, kullum cikin kakin da ya sha guga har ya fara ƙyalli a gwiwa. Ba ya gudu, ba ya kuma tsayawa hira. In ka ba shi fayil ya kai bene, da hannu biyu yake rungume shi a ƙirji, sai ka rantse jariri aka ba shi. Ni sunana Azumi, tafireta nake bugawa a ofishin darakta, teburina yana bakin ƙofa. Abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba, a gabana aka yi.

Datti ɗan cikin birnin Zariya ne, gidansu gidan marina. Bai yi boko ba, sai ɗan yaƙi da jahilci da ya leƙa da girmansa, amma karatun zaure ya yi shi sosai. Ya sauke Alƙur'ani, ya zauna gaban wani tsohon malami a unguwarsu ya ja littattafan fiƙihu, har lokacin da kasuwar rini ta mutu a hannun mahaifinsa, ya bi motar shanu zuwa Legas neman abinci. Ya yi gadi, ya yi dako, daga baya wani ya yi masa hanya ya samu masinja. Turancinsa na titi ne. Yana iya karanta sunan fayil da lambar ofis, daga nan kuma sai a hankali. Matarsa Maijidda a can ta rasu, ta bar masa 'ya ɗaya, Bilkisu, bai kuma sake aure ba.

Akwai abu guda da ya taho da shi daga zauren nan wanda Legas ta kasa raba shi da shi. A wurin Datti karatu ba a takarda yake ba, a bakin malami yake. Ka zauna a ƙasa, malam ya karanta, ya fassara, ka maimaita, shi ma malam haka ya karɓo daga nasa malamin. Wanda ya buɗe littafi shi kaɗai ya karanta ya ce ya gane, wannan a wurin Datti ɓatacce ne, ko da ya fi kowa iya haɗa baƙi. Na taɓa yi masa gardama a kan haka, ya dube ni da tausayi irin wanda ake yi wa marar lafiya, ya ɗauki fayil ɗinsa ya wuce.

Da aka ce kowa ya tattara sai Abuja, manya suka samu gidaje a Garki da Maitama, mu ƙanana aka ce mu ɗan jira, ana nan ana gina namu. Jiran ne ya kai mu Karmo, inda leburorin da suka gina birnin suke kwana. Ɗakin laka ne da rufin kwano, nawa yana jikin na Datti. Abuja ta lokacin tituna ne fetal babu kowa a kai, sai jar ƙasa da ke bin ka har cikin kwanon abinci. Rabin fayil-fayil ɗinmu suna Legas, rabi suna cikin tirela a wani wuri da babu wanda ya sani. Manya sun baro iyalansu a can, ranar Alhamis da azahar ka neme su ka rasa, sun yi filin jirgi. Daga Litinin zuwa Alhamis kuwa zaune suke a ofis mai sanyi, babu aiki, babu mata, babu wurin zuwa.

Daraktanmu shi ne Oga Thaddeus. A Ingila ya karanta adabin Turanci, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da haka ba. A Jos ya tashi, Hausa tana bakinsa, sai dai in yana magana yakan juya mace ta koma namiji. Mataimakinsa Alhaji Bello ne, mutum mai tumbi da tsadadden turare, wanda ban taɓa ganin wani aiki da yake yi ba in ban da dariya a duk lokacin da oga ya yi magana.

A shekarar ne ƙungiyar matan manyan ma'aikata ta ce tana so ta yi wa 'ya'yan ƙananan ma'aikata wani abin alheri. Oga Thaddeus ya kawo shawara a yi gasar kacici-kacici a kan adabin Turanci, tsoho da sabo, shi zai tsara tambayoyi. Wanda ya ci za a kai shi makarantar kwana, a ɗauke masa komai har ya gama babbar sakandare. 'Yan aji uku na ƙaramar sakandare kaɗai za su shiga, wato sau ɗaya yaro zai gwada a rayuwarsa. Bilkisu za ta shiga aji uku a shekara mai zuwa. Albashin masinja kuwa ba zai kai ta gaba da nan ba, wannan kowa ya sani, har ita.

Yarinya ce shiru-shiru mai manyan idanu. In ta sayo ƙosai sai ta karanta takardar da aka naɗe shi kafin ta ci. Kwalayen laburaren ma'aikata sun fashe a hanya, an zube littattafan a wani lungu, mai kula da su ya ce duk mai so ya ara. Datti ya riƙa ɗauko mata, tana cinye su ɗaya bayan ɗaya. Wani uban da ya ga haka sai ya gode wa Allah ya yi barcinsa. Shi Datti hankalinsa ne ya tashi, domin yarinya tana karatu babu malami. Malamin Turancin makarantarsu ɗan bautar ƙasa ne, yau yana nan gobe ya tafi ganin gida. Ga kuma babban malamin wannan fanni, wanda ya karɓo shi daga bakin Turawan da kansu, yana zaune a ofis ɗaya da shi. Ba zai kai 'ya mace ta zauna gaban namiji a ofis ba. Sai ya yanke shawara shi zai ɗauko karatun ya kai mata gida.

Wata Litinin da hantsi na ga ya tsaya a ƙofar darakta ya cire takalmansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya shiga ya durƙusa a kan kafet, littafi a hannu biyu.

“Ranka ya daɗe, karatu na zo ɗauka, in za a taimaka.”

Oga Thaddeus ya cire tabarau ya dube shi. “Karatu? Datti, kai za ka karanta wannan? Ko ni sai da na sha wahala da shi.”

“Ba ni zan karanta ba, ranka ya daɗe. Kai za ka faɗa, ni in riƙe.”

Abin ya yi wa oga daɗi, wa zai ƙi a durƙusa masa? A ranar dai gaskiya ya gaya masa, ya ba shi labarin littafin a taƙaice, Datti yana maimaitawa yana gyaɗa kai. Washegari Datti ya dawo ya biya karatun jiya bai bar ko kalma ba, har da inda oga ya tsaya ya yi tari. A nan ne Alhaji Bello, da ke kwance a doguwar kujera yana sakace, ya jefa tasa. Ya ce ai marubucin nan mahauci ne, a jikin takardar tsire ya rubuta littafin. Datti ya juya ya dubi malaminsa. Oga Thaddeus ya danne dariya ya ce haka ne. Datti ya ce, “Ikon Allah,” ya maimaita sau uku don ya zauna. Yana fita suka fashe da dariya, Alhaji Bello har da faɗowa daga kujera.

Daga ranar suka samu aikin yi. Kullum da hantsi Datti zai cire takalmi, su kuma su yi ta gasar wanda zai fi gwanintar ƙarya. Wata marubuciya wai ba ta iya rubutu sai an zura ta cikin rijiya. Wani mawaƙi wai jakinsa ne ke zaɓa masa kalma, in ya kaɗa kunnen dama a rubuta, in na hagu a goge. Wanda suka fi ji da shi shi ne na wani tsohon littafi a kan mai gyaran agogo, wanda ƙanensa ya shiga jirgin ruwa bai dawo ba, shi kuma ya ɗauki agogon mahaifinsu ya bi shi nema gari gari. A littafin, da ya isa tashar jirgin ruwa ta ƙarshe, kabarin ƙanen ya tarar. A ofishin darakta kuwa, akuya ce ta haɗiye agogon, aka yanka ta aka same shi yana tafiya a cikinta, wai shi ya sa har yau Turawa ba sa cin naman akuya. Datti ya jinjina kai ya ce lallai akwai hikima a ciki.

In aka yi baƙo daga wata ma'aikata sai a danna ƙararrawa a kira shi. Sun sa masa suna Farfesa. Oga zai harɗe ƙafa ya jefa tambaya, Datti ya miƙe tsaye ƙyam ya kawo amsa, oga ya buga tebur ya ce, “Correct!” Baƙi su yi ta share hawaye. Datti kuwa ya fito fuskarsa tana haske, ya ce da ni, “Kin ji yadda suke murna? Malami yana son ɗalibi mai riƙewa.” Ban taɓa tsanar wani sauti ba kamar dariyar da ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofar nan.

Na same shi a hanyar gida, muna jiran mota, na gaya masa ƙiri-ƙiri cewa wasa suke yi da shi, ƙarya suke shirga masa. Ya saurare ni har na gama.

“Azumi, ke wa ya karantar da ke waɗannan littattafan?”

“Babu. Amma ina da kunne, ina jin abin da suke faɗa in ka fita.”

“To ki ji tsoron Allah. Mutumin da ya haye teku ya ɗauko ilimi, ke da tafireta za ki ƙaryata shi? Malaminmu na Zariya ma yana dariya in muna biyawa.”

Na koma wajen oga. Na kai masa takardu ya sa hannu, na ce, “Oga, abin nan da kuke gaya wa Datti, gida yake kai wa yarinya, kuma gasar nan za ta shiga.” Bai ko ɗago kai ba. Ya ce, “In yarinyar yana karanta littafi, zai san gaskiya. In ba ya karantawa, ba ya cancanta. Rufe min ƙofa.”

A gida kuwa, bayan la'asar Datti zai shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, ya zaunar da Bilkisu ya juye mata abin da ya ɗauko. Ta bango nake jin su. Ranar akuya ce ta kasa haƙuri.

“Baba, ba haka yake a littafin ba. Kabari ya tarar. Ga shafin nan, bari in karanta maka.”

“Rufe shi.”

“Baba, wallahi...”

“Na ce rufe shi! Ke da takarda, ni da malami, wa ya fi wani? Abin da nake gudu ke nan. Kin fara ganin idonki ya fi bakin na gaba da ke.”

Ya tattara littattafan ya zuba a akwatinsa na ƙarfe ya sa kwaɗo. Ya ce daga yau babu karatun kai da kai, abin da ya kawo shi za ta riƙe. Ba mugunta ba ce, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi. Mutumin nan ya daina cin abincin rana don ya saya mata kananzir da takalmin makaranta. Yana tafe a hanya yana bita a ransa kada ya zubar mata da ko kalma ɗaya kafin ya iso gida.

Sai na riƙa aro wasu kwafin ina ɓoyewa a ɗakina. Bilkisu ta dawo makaranta ta shigo wurina ta karanta na gaskiya, la'asar ta yi ta fita ta zauna a tabarma ta biya na ƙarya. Karatu biyu yarinyar nan ta yi a shekara guda, ba ta taɓa haɗa su ba. Ina jin ta tana ba uban labarin jaki mai kaɗa kunne da murya a natse, shi yana cewa madalla. In ta shigo wurina ba ta dariya, ba ta kuma ƙorafi. Sau ɗaya ta ce da ni, “Anti, ranar gasa da Turanci za a yi, ba zai gane abin da na faɗa ba. In na ci shi ke nan, kowa ya huta.”

Ranar ta zo, wata Asabar da safe, a babban ɗakin taron ma'aikata. Iyaye sun cika baya, direbobi da masu shara da masu gadi, kowa cikin kayan sallarsa. Datti ya sa farar riga da hula zanna, ya samu wuri a tsakiya, ni ina gefensa. A kan teburin gaba akwai Madam Rosemary, shugabar ƙungiyar matan, tsohuwar shugabar makaranta ce da ba ta san wasa ba. Oga Thaddeus ke karanta tambaya, Alhaji Bello ke duba lokaci.

Bilkisu ta yi ta zubar da yara kamar ana kaɗe mangwaro. Tsohon littafi, sabon littafi, waƙa, wasan kwaikwayo, kafin oga ya rufe baki ta amsa. Na ga yana ɗaga gira yana satar kallon Alhaji Bello. Datti ba ya jin abin da ake faɗa, Turancin ya yi masa sauri, amma duk amsar da ta bayar sai ya taɓa ni ya ce, “Kin gani? Karatun malam ne.” Aka yi ta raguwa har saura biyu, ita da Simon, ɗan wani direba, yaro mai ƙoƙari shi ma. Simon ya kasa amsa tambayarsa ta ƙarshe. In Bilkisu ta amsa tata, ta ci.

A nan Madam Rosemary ta ɗaga hannu ta ce tun ɗazu iyaye suna zaune kamar baƙi, ya kamata a fassara musu tambayar ƙarshe da amsarta da Hausa, su ma su san a kan me aka ci. Da kyakkyawar niyya ta faɗa. Alhaji Bello ya yi wuf ya karɓi makirufo. Oga ya karanta, shi kuma ya fassara da ƙarfi, idonsa a kan Datti, yana danne dariya: a littafin mai gyaran agogo, da ya isa tashar jirgin ruwa ta ƙarshe, me ya faru?

Na ga Bilkisu ta dubi inda muke. Ta daɗe tana kallon uban, har Madam ta ce lokaci yana tafiya. Sannan ta juya ta ba da amsa da Turanci.

“Ta ce kabarin ƙanensa ya tarar,” in ji Alhaji Bello.

Kafin oga ya buɗe baki ya ce daidai ne, Datti ya miƙe. Na kama bakin rigarsa, ya fizge. A ganinsa 'yarsa ta faɗi, makaranta tana shirin kuɓuce mata a kan ruɗewar minti ɗaya, shi kuma yana da abin ceto a bakinsa.

“A yi mata haƙuri! Ranku ya daɗe, a yi mata haƙuri, tsoro ne ya kama ta. Ta sani, wallahi ta sani. Akuya ce! Bilkisu, faɗa musu, akuya ce ta haɗiye agogon, aka yanka ta aka same shi yana tafiya. Shi ya sa Turawa ba sa cin akuya.”

Yara suka fara dariya, manya suka kama. Har waɗanda ba su san littafin ba dariya suke yi, domin ko a ƙauye an san akuya ba ta haɗiye agogo. Alhaji Bello ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa suna rawa. Bilkisu tana tsaye ba ta motsa ba.

Madam Rosemary ba ta yi dariya ba. Ta buga tebur aka yi shiru, ta ce, “Baba, wa ya gaya maka wannan magana?”

Datti ya gyara tsayuwa, ya nuna teburin da hannu biyu cikin ladabi. “Malamina ne, ga shi nan zaune. Shekara guda cur ina ɗaukar karatun littattafan gasar nan a wurinsa, kullum, a ofishinsa, ina kai wa yarinya gida.”

Dariyar ta ɗauke. Uban Simon ya miƙe daga baya yana ɗaga murya, ashe mai tambaya shi ke koya wa 'yar masinjansa, su kuma an tara su nan ana yi musu wasan yara? Wasu iyayen suka mara masa. Madam ta juya ta dubi Oga Thaddeus. Magana ɗaya ce za ta wanke yarinyar, ya ce ƙarya nake yi wa tsohon don nishaɗi, babu abin da ta ƙaru da shi daga gare ni. Amma faɗin haka a gaban matan manya, har da matar babban sakatare, yana nufin darakta guda ya yarda ya shekara yana wasa da hankalin tsoho a lokacin aiki. Ya gyara wuyan rigarsa ya ce eh, yakan ɗan tattauna littattafai da Datti don taimako, tsohon ne ke cakuɗa su a kansa, kuma bai taɓa sanin yana kai wa gida ba.

Na miƙe na ce ya sani, ni na gaya masa, kuma ƙarya zalla suke koya wa Datti shi da Alhaji Bello, a tambaye shi. Alhaji Bello ya duƙufa kallon agogon hannunsa kamar yau ya fara ganinsa. Na ce yarinya a ɗakina ta yi karatunta, ita kaɗai, da idonta. Madam ta saurare ni, na kuma ga alamar ta yarda. Ta sassauta murya ta ce, “Baba, ka faɗa min tsakaninka da Allah. Abin da darakta yake koya maka, wasa ne ko karatu ne? Yarinyar nan a wurin wa ta koya?”

“A'uzubillahi,” in ji Datti. “Malamina bai taɓa yi min ƙarya ba. Ni da kaina na kulle littattafan a akwati don kada ta karanta ita kaɗai. Duk abin da kuka ji ta faɗa yau, daga bakinsa ya fito.”

Madam ta rufe ido ta buɗe. Ta yi ƙus-ƙus da matan da ke gefenta, sannan ta sanar cewa tunda uban da kansa ya shaida mai tsara tambayoyi ne ya koyar da gidansu, doka ba ta bar mata zaɓi ba. An cire Bilkisu, Simon ya ci. Oga Thaddeus ne ya fara tafi.

Bilkisu ba ta wuce aji uku ba. Ɗinki ta koya, yanzu tana da shago a Gwarinpa da 'yan mata masu koyo a ƙarƙashinta. Oga Thaddeus ya samu ƙarin girma aka mai da shi wata ma'aikata, Alhaji Bello ya gaji kujerarsa. Datti ya yi ritaya yana masinja, ya rasu a ɗakin nan na Karmo, gidan da aka ce ana gina mana bai taɓa ganinsa ba. Har ya koma ga Allah abu ɗaya ya riƙe, cewa 'yarsa ta saɓa wa malami a bainar jama'a, albarkar karatun ta gudu, shi ya sa makarantar ta kuɓuce.

Shi ya sa ranar Litinin da ta biyo bayan gasar ya zo ofis da ita. Ya sa ta cire takalmi a bakin teburina. Ƙofar a buɗe suka bar ta, na ga yarinyar ta durƙusa a kan kafet a gaban Oga Thaddeus, uban yana tsaye a kanta.

“Faɗa masa,” in ji Datti.

“Oga, ka yi haƙuri. Na yi kuskure.”

Oga ya yi ta juya biro a hannu, bai dube ta ba. Daga bisani ya ce, “Ba komai. Na yafe.” Datti ya zube shi ma yana godiya, yana sa masa albarka har da 'ya'yansa da jikokinsa. Ya fito idonsa da ƙwalla, ya ce da ni, “Alhamdulillahi, ya yafe mata. Da yarinyar nan ta shiga duniya da haƙƙin malami a wuyanta.” Aka danna ƙararrawa a wani ofis, ya tafi da saurinsa.

Na ture kujera na ce yau ko za a kore ni sai na jawo tsohon nan na zaunar da shi, na sa mai kula da laburare ya karanta masa shafin da bakinsa, in baki yake so. Bilkisu tana sunkuye tana ɗaura takalmi. Ta kama hannuna, ta riƙe da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

“Anti Azumi, kada ki ƙara gaya masa. Makaranta ta riga ta tafi. Ki bar min babana.”